IN KWAMFUTAR OFISHIN HAKIMI TA YI SHIRU

Darasi a kan gyaran sauti a kwamfuta mai aiki da Linux, domin hakimai da malamansu

1. Dalilin wannan darasi

Tun zamanin kakanni aikin hakimi bai taɓa rabuwa da murya ba. In Sarki ya ba da umurni, hakimi ya kan tara dagatai ya karanta musu, dagatai su isar wa masu unguwa, sankira kuma ya shiga kasuwa ya yi shela. Takarda ta kan tsaya a hannun wanda ya iya karatu, amma murya kowa na jinta, da tsoho da yaro, da manomi da makiyayi. Saboda haka duk ofishin da ya sami kwamfuta, ɗaya daga cikin manyan amfaninta shi ne ta ɗauki magana ta ajiye, sa'an nan ta maimaita ta ta lasifika ba ragi ba ƙari: jawabin Mai Martaba Sarki, ko sanarwar ranar allurar rigakafi, ko ta rabon taki, ko kuwa bayanin da masu gardamar iyakar gona suka yi a gaban hakimi.

Wannan magana ta fi nauyi a ƙasar Birnin Gwari. Ƙasa ce mai faɗi, mai dazuzzuka. A cikinta dajin Kamuku ya ke, wanda Gwamnatin Tarayya ta mayar gandun daji na ƙasa a 1999. Ƙauyukanta a warwatse su ke, kuma sun sha wuya a hannun 'yan bindiga. Mutanen Gwaska ba za su manta da ran 5 ga Mayu 2018 ba, ranar da aka kai musu hari aka kashe fiye da mutum 40. Daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba 2021 an rufe hanyoyin waya da intanet a wannan yanki saboda sha'anin tsaro. A watan Nuwamba 2024 aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari, bayan ta yi shekaru a rufe. A wuri irin wannan jita-jita ta kan riga gaskiya isa kasuwa, kuma babu abin da ke kashe ta kamar jama'a su ji sanarwa da muryar shugabansu. In kwamfuta ta yi shiru ranar kasuwa ba a cewa a jira mai gyara daga Kaduna, gama tafiyar ta fi kilomita 100, kasuwa kuwa ba ta jiran kowa.

Mafi yawan lokaci kwamfutar da ta yi shiru ba lalacewa ta yi ba. Wani ɗan abu ne ya goce daga wurinsa, wanda malamin hakimi zai iya ganowa da kansa in ya san hanyar da zai bi. An shirya wannan darasi domin a nuna masa hanyar nan.

2. Linux da yadda ya zo ofis

Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja wadda ke tafiyar da dukan sauran. Wadda aka fi sani a ƙasar nan ita ce Windows ta kamfanin Microsoft. Ran 14 ga Oktoba 2025 kamfanin ya daina ba Windows 10 gyare-gyaren tsaro na yau da kullum, Windows 11 kuwa ba ta karɓar tsofaffin kwamfutoci da yawa. Wannan yana cikin abin da ke sa a ɗora wa tsohuwar kwamfuta Linux maimakon a yar da ita.

Wani ɗalibin jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, mai suna Linus Torvalds, shi ya fara rubuta Linux a 1991. Ba a sayen lasisinsa, kuma asirinsa a buɗe ya ke, watau kowa yana da iko ya karanta yadda aka rubuta shi, ya gyara, ya raba wa wasu. Ana shirya shi iri-iri. Akwai Debian, wanda aka fara a 1993. Da Ubuntu, wanda ya fito a 2004 daga tushen Debian. Da Linux Mint na 2006, wanda shi kuma ya tsiro daga Ubuntu. Umurnan da ke cikin wannan darasi na waɗannan uku ne.

3. Hanyar da murya ke bi

Kamar yadda umurnin Sarki ya ke bin hannuwa kafin ya isa kunnen talaka, haka sauti ya ke bin zango biyar kafin ya fita daga lasifika.

Zango na farko shi ne manhajar da ta buɗe maganar da aka ɗauka, kamar VLC.

Na biyu shi ne mai rabon sauti. Aikinsa kamar na sarkin ƙofa ne: shi ke shirya wa zai shiga, wa zai jira, da kuma ƙofar da kowace murya za ta fita. Tun daga 2008 Ubuntu yana aiki da wani mai suna PulseAudio. Daga fitowar Oktoba 2022 aka maye gurbinsa da PipeWire, wanda Linux Mint shi ma ya karɓa a 2024.

Na uku shi ne direba. Wannan ba direban mota ba ne. 'Yar manhaja ce mai aikin tafinta tsakanin Linux da katin sauti, gama kowane irin kati da harshensa. Tarin direbobin sauti na Linux a ke kira ALSA. Wani masani ɗan ƙasar Cek, Jaroslav Kysela, ya fara aikinsa a 1998, ya kuma zama abin dogaron Linux tun daga 2003. Direbobin nan suna zuwa ne tare da cibiyar Linux, wadda a ke kira kanel.

Na huɗu shi ne katin sauti kansa, wanda ke mayar da lambobi su zama motsin lantarki. Asalin sunan kuwa, a da allo ne dabam da a ke saye a soka cikin kwamfuta, kamar Sound Blaster da ya fito a 1989. Yanzu ɗan ƙaramin abu ne manne a jikin babban allon kwamfuta. Yawancin kwamfutocin da aka ƙera bayan 2004 suna bin tsarin da kamfanin Intel ya fitar a wannan shekara, direbansu kuwa sunansa snd_hda_intel.

Na biyar shi ne waya da amfilifaya da lasifika.

In saƙo bai isa ƙauye ba, hakimi mai hankali ba ya korar manzanninsa duka. Ya kan bincika ya ga a hannun wa saƙon ya tsaya. Haka malami zai yi. Ƙa'idar ita ce a fara da abu mai sauƙi, a taɓa abu ɗaya kaɗai a lokaci ɗaya, a gwada, a rubuta abin da aka gani, kafin a wuce gaba.

4. Bincike daki-daki

Mataki na ɗaya: waya da lasifika. A cire wayar daga kwamfuta a soka ta a rediyo ko wayar hannu. In a nan ma shiru ne, to laifin na waya ne ko na amfilifaya, kwamfuta ba ta da laifi. In kuwa an ji sauti, sai a duba ramin da aka soka ta. A kwamfutar tebur koren rami na lasifika ne, mai ruwan hoda na makirufo, shuɗi kuma na shigar da sauti daga wata na'ura. Da hunturu ƙura ta kan cika ramin, har kwamfuta ta zaci an soka abin sauraro na kunne, ta kashe lasifikarta. Sai a kashe kwamfutar a share ramin a hankali da busasshen tsinke. Kada a yi da allura ko wani ƙarfe.

Mataki na biyu: ƙofar fita. A buɗe wurin shirya sauti, inda aka rubuta Sound, a ga inda a ke tura murya. Kwamfutar da aka haɗa da talabijin ta wayar HDMI ta kan tura murya can, talabijin kuwa watakila a kashe ya ke ko an rage masa murya. A zaɓi lasifikar kwamfuta ko ramin abin kunne. In babu abin zaɓi sai kalmomin nan Dummy Output, ma'anarsu ita ce mai rabon sauti bai ga kati ko ɗaya ba. Sai a tsallaka zuwa mataki na biyar.

Mataki na uku: makullan ALSA. Daga nan ana bukatar tagar umurni, wadda a Ubuntu da Linux Mint a ke buɗewa da danna Ctrl da Alt da T tare. Lalle ne a rubuta kowane umurni daidai yadda ya ke a nan, da ƙananan haruffansa da tazararsa, sa'an nan a danna Enter. A rubuta:

alsamixer

A danna F6 a zaɓi katin. Za a ga ginshiƙai a jere, kowane da sunansa, kamar Master da Speaker da Headphone. Ginshiƙin da aka ga MM a ƙarƙashinsa a kulle ya ke. A kai kansa da kibiyar dama ko ta hagu, a danna M, sai ya koma 00, watau ya buɗe. Kibiyar sama ke ƙara ƙarfi. In akwai Auto-Mute Mode, shi ne mai kashe lasifika in an soka abin kunne, ana iya mayar da shi Disabled a gani ko sautin zai komo. A fita da Esc. Domin kada gyaran ya ɓace in an kashe kwamfuta, a rubuta:

sudo alsactl store

Kalmar sudo tana nufin an ba da umurnin da ikon shugaban kwamfuta, shi ya sa za ta nemi kalmar sirri. Ba a ganin haruffan sa'ad da a ke buga ta, kada wannan ya dami malami.

Mataki na huɗu: gwaji.

speaker-test -c 2 -t wav

In komi lafiya, za a ji murya da Turanci tana ambaton hagu da dama bi da bi. Ana tsayar da ita da Ctrl da C. In an ji muryar nan, to kati da direba da mai rabo duk suna aiki, laifin yana ga manhajar zango na farko ko ga abin da aka ɗauka. Saƙon murya na WhatsApp, alal misali, da tsarin Opus a ke ajiye shi, ba kowace manhaja ke buɗe shi ba, amma VLC tana buɗewa.

In ba a ji komi ba, sai a rufe dukan manhajojin sauti, a jira kaɗan, a kewaye mai rabo a yi magana da katin kai tsaye:

speaker-test -D plughw:0,0 -c 2 -t wav

Lambobin nan biyu na kati ne da na ƙofarsa, a mafi yawan kwamfutoci sifiri da sifiri ne. In yanzu murya ta fito, an gane mai laifi ke nan: mai rabon sauti ne. Ana tashinsa da wannan umurni:

systemctl --user restart pipewire pipewire-pulse wireplumber

A tsohon Linux mai PulseAudio kuwa, pulseaudio -k a ke rubutawa. Wanda bai san wanne ke cikin kwamfutarsa ba, umurnin pactl info zai gaya masa.

Mataki na biyar: ko Linux ya ga katin? A nan tambayoyi biyu ne, kuma bambancinsu shi ne zuciyar wannan darasi. Ta farko, ko katin yana nan a jikin kwamfuta:

lspci -k | grep -i -A3 audio

Ta biyu, ko direba ya kama shi:

aplay -l

In umurni na farko ya nuna kati, na biyu kuma ya jera shi, to tafinta yana bakin aiki, sai a koma a sake bin matakan baya a tsanake. In na farko ya nuna kati amma na biyu ya ce no soundcards found, to baƙo ya zo amma babu tafinta: matsalar direba ce sosai, sai mataki na shida. In kuwa na farko ma bai nuna komi ba, galibi ɗayan biyu ne: ko an kashe katin a cikin shirin BIOS, wanda a ke shiga da danna F2 ko F10 ko Del da zarar an kunna kwamfuta, ko kuwa katin ya mutu.

Mataki na shida: littafin kanel. Kanel yana rubuta duk abin da ya same shi tun daga kunnawa, kamar yadda malami ke cika littafin ofis. Ana karanta sashen sauti da haka:

sudo dmesg | grep -i -e snd -e sof -e firmware

A nemi layukan da ke ɗauke da failed ko error, a kwafe su a takarda harafi da harafi. Abubuwa biyu ne suka fi aukuwa.

Na ɗaya, kwamfutocin hannu masu kayan Intel na shekarun baya-bayan nan da yawa suna bukatar wata 'yar manhaja da a ke ɗora wa katin kansa kowane kunnawa. Tsarin sunansa SOF, an bayyana shi a 2018. In layin kuskure ya ambaci sof da firmware, to ita ce babu. Ana ɗora ta da:

sudo apt install firmware-sof-signed alsa-ucm-conf

Sa'an nan a kashe kwamfuta a sake kunnawa. In babu halin samunta, akwai dabara ta wucin gadi, watau a tilasta wa kwamfutar ta koma ga tsohon direba. A rubuta sudo nano /etc/modprobe.d/sauti.conf, a sa wannan layi ɗaya a ciki:

options snd-intel-dspcfg dsp_driver=1

A ajiye da Ctrl da O, a danna Enter, a fita da Ctrl da X, a sake kunna kwamfuta. A kwamfutoci da yawa lasifika ta kan komo da haka, amma fa makirufon da ke jikin kwamfutar ya kan daina aiki. In dabarar ba ta yi amfani ba, a share layin.

Na biyu, sauti yana nan jiya, aka sabunta kwamfuta, yau ya ɓace. Sabon kanel ne ya zo da direba mai aibu. Linux ya kan ajiye tsohon kanel domin irin wannan rana. Da kunna kwamfuta sai a riƙe Shift, ko a danna Esc, har jerin zaɓi ya fito. A shiga Advanced options, a zaɓi kanel mai ƙaramar lamba. Umurnin uname -r shi ke nuna lambar wanda a ke kai.

Mataki na bakwai: shaidar ƙarshe. A tayar da kwamfutar daga filashin da aka ɗora mata Linux da shi tun farko, a zaɓi gwadawa ba ɗorawa ba. In sauti ya fito a nan, katin lafiyarsa lau, shirin cikin kwamfuta ne ya rikice. In a nan ma shiru ne bayan an bi dukan matakai, sai a nemi ɗan katin sauti na USB, wanda bai wuce tsawon yatsa ba. Direbansa yana cikin kanel tun asali, yawancinsu da an soka su ke kama aiki.

5. Waɗansu cututtuka dabam

Gunji. In lasifika tana wani gunji mara yankewa, ba direba ba ne. Wutar ƙasar nan tana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa ɗaya, motsin nan ne ke shiga waya, musamman in ana aiki da janareta ko inbata. A cire cajar kwamfutar hannu a bar ta a kan batir. In gunjin ya tsaya, an san asalinsa. A gajarta wayar sauti, a kuma raba ta da wayar wuta.

Murya a dagule. A amfilifaya akwai ramin makirufo, akwai kuma wanda aka rubuta wa Aux ko Line. Na biyun ne na kwamfuta. In an soka ta a na makirufo murya ta kan fashe. Kada a haɗa babbar lasifikar shela da kwamfuta kai tsaye, gama ba ta da ƙarfin tuƙa ta. Kada kuma ko kusa a mayar da wayar da ke fita daga amfilifaya zuwa ramin kwamfuta, domin tana iya ƙona katin.

Ƙara a farkon magana. In ana jin ɗan ƙas kowane lokacin da sauti zai fara, ko kalmar farko tana yankewa, katin ne ke barci domin tanadin batir. A sa wannan layi a cikin sauti.conf da aka ambata a baya:

options snd_hda_intel power_save=0

Makirufo ba ya ɗauka. A cikin alsamixer a danna F4, a ga ko Capture a buɗe ya ke. Madannin tazara ke buɗe shi. Sa'an nan a gwada ɗaukar daƙiƙa 10 a saurara:

arecord -f cd -d 10 gwaji.wav

aplay gwaji.wav

Wajibi ne a yi wannan gwaji kafin kowane zaman sauraron ƙara. Babu abin kunya kamar a sallami masu gardama, bayan wata uku ɗayansu ya musanta abin da ya faɗa, a buɗe abin da aka ɗauka a tarar ba komi ciki. A kuma lura cewa irin wannan ɗauka tana cin wajen megabayit 10 a minti ɗaya.

6. Misali

A ɗauka cewa ga wani malamin hakimi ya iso Gwaska da hantsi ranar kasuwa, da kwamfutar ofis da sanarwar allurar rigakafin ƙyanda da muryar hakimi. An ɗaura lasifika, an tayar da janareta, aka danna, shiru. Hakimi ya dube shi ya ce, "Malam, ko dai ta mutu ne? In haka ne a ɗaure ta a kai Kaduna."

Malam ya ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni ɗan lokaci in bincika tukuna."

Ya soka wayar a wayarsa ta hannu, lasifika ta amsa, ya san zango na biyar lafiya. Ya buɗe wurin shirya sauti ya tarar da Dummy Output, ya tsallaka mataki na biyar. Umurni na farko ya nuna kati, na biyu ya ce babu. Ya buɗe littafin ofis, ya ga an rubuta cewa shekaranjiya an kai kwamfutar cikin garin Birnin Gwari an sabunta ta. Ya kashe, ya kunna, ya zaɓi tsohon kanel. Da ya yi gwaji sai murya ta fito.

Ya ce, "Allah ya ja zamaninka, ba mutuwa ta yi ba. Sabon tafinta aka ba ta wanda bai iya harshenta ba, na mayar mata da na da."

Abin lura a nan shi ne malam bai bukaci intanet ba, bai kwance ko ƙusa ɗaya ba. Bin matakai a jere da layi ɗaya na littafin ofis su suka fisshe shi.

7. Tanadi domin ranar da babu intanet

Abin da ya faru a 2021 ya isa ishara. Ya kamata kowane ofis ya ajiye waɗannan a akwati mai makulli: filashin Linux irin wanda ke cikin kwamfutar, da katin sauti na USB ɗaya, da wayar sauti ta biyu, da wannan ɗan littafi. In ana bukatar wata manhaja kuma babu intanet, ana iya saukar da ita a wata kwamfuta mai Linux iri ɗaya, mai lamba ɗaya, da umurnin apt download tare da sunanta, a kawo a filashi, a ɗora da sudo dpkg -i tare da sunan abin da aka kawo.

Ya fi kyau ofis ya zauna a kan fitowar Ubuntu mai dogon tallafi, wadda a ke fitarwa a watan Afrilu bayan kowace shekara biyu, a kuma kula da ita shekara 5. Irin wannan ce 24.04 ta Afrilu 2024. Kada a sabunta kwamfuta ana gobe taro. A sabunta ta sa'ad da akwai sukuni, a gwada sauti nan take kafin a bar wurin da ke da intanet.

8. Abubuwan da aka hana

Kada a sauko da direba daga shafukan intanet barkatai. Direbobin Windows ba sa aiki a Linux, na Linux kuwa suna cikin kanel.

Kada a cire ALSA ko PulseAudio ko PipeWire da nufin a sake ɗorawa. Waɗansu manhajoji sun dogara da su, cire su ya kan janye waɗancan, har a rasa fuskar aikin kwamfuta gaba ɗaya.

Kada a buga umurni mai sudo wanda ba a san ma'anarsa ba, ko wane ne ya aiko shi.

Kada a goge kwamfuta a sake ɗora mata Linux saboda sauti kaɗai. In ya zama tilas, sai an kwafe takardun ofis da dukan maganganun da aka ɗauka a wuri biyu tukuna. Bayanin iyakar gona da ya ɓace ba ya komowa, rigimar kuwa tana komowa.

9. Abin da ke kan hakimi

Ba a ce hakimi ya haddace umurnan nan ba. Abin da ke kansa shi ne ya sa a buɗe shafi a littafin ofis domin kwamfuta, inda za a rubuta irinta, da irin Linux da lambarsa, da lambar kanel, da abin da aplay -l ya nuna ranar da ta ke lafiya, da kwanan watan kowane gyara da sunan wanda ya yi. Ya tabbata mutum biyu a ofis sun san kalmar sirri kuma sun iya matakan nan, domin in an yi wa ɗaya canjin wurin aiki kada ilmin ya tafi da shi. Ya sa a gwada lasifika da makirufo kwana ɗaya kafin kowane taro. In kuwa abin ya gagara har sai an kai wa mai gyara, a haɗa shi da takardar da aka kwafe layukan kuskure, a kuma kwashe bayanan shari'a daga kwamfutar kafin ta bar ofis, gama amanar jama'a ce.

Har wa yau, kowace sanarwa da aka ɗauka a ajiye rubutacciyarta. In duk dabara ta ƙare, malami ya miƙa wa sankira takarda, shela ta fita a kan lokacinta.

Tambayoyi domin bita

1. A lissafa zango biyar da sauti ke bi, a faɗi aikin kowanne.
2. Mene ne ma'anar MM a ƙarƙashin ginshiƙin alsamixer, kuma yaya a ke gyara shi?
3. In lspci ya nuna kati amma aplay -l bai nuna ba, ina laifin ya ke?
4. Sauti ya ɓace bayan an sabunta kwamfuta, kuma babu intanet. Me malami zai yi?
5. Lasifika tana gunji in an tayar da janareta. Yaya za a gane ko laifin direba ne ko na wuta?
6. Waɗanne abubuwa huɗu ne ya kamata su kasance a akwatin ofis?

Ana roƙon kowane malamin hakimi ya bi matakan nan bakwai sau ɗaya a kan kwamfutar ofishinsa tun tana lafiya, ya rubuta abin da kowane umurni ya nuna, ya kai wa hakimi ya sa hannu.